Ruwan Daɗi Ya Kusa Kashe Taɓon Magani: Nazarin Tafkin Tekirgiyol na Romaniya

Idan mutum ya bar birnin Konstansa na ƙasar Romaniya ya miƙi hanyar kudu, bai fi tafiyar kilomita 20 ba zai ga ƙasa ta tsuke masa. Titin mota da layin dogo sun matsu a kan wani siririn tudun yashi, ruwa hagu, ruwa dama. Na hagun teku ne, Bahar Aswad. Na daman kuwa tafki ne da mutanen ƙasar ke rubuta sunansa Techirghiol, su furta shi Tekirgiyol. Duk Romaniya babu tafkin gishirin da ya kai shi girma: faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 11, inda ya fi zurfi kuma wajen mita 9.

A watannin Yuli da Agusta, lokacin zafinsu, za ka iske mutane a bakin tafkin tsaye cirko-cirko, hannuwa a ware, baƙi wuluk tun daga wuya har idon sawu kamar an tsamo su daga durom ɗin kwalta. Dattawa sun fi yawa. Kowa zai fara shan rana har jikinsa ya ɗumama, sannan ya ɗebi taɓo a ɗan bokiti ya shafe jikinsa, ya tsaya. Da fari taɓon na sheƙi, ga sulɓi kamar man kaɗanya, ba ka jin tsakuwa ko ɗaya tsakanin yatsunka. Bayan minti 20 ko 30 sai ya bushe, ya koma toka-toka, ya fara tsattsagewa a gwiwar hannu yana jan gashin jiki. Daga nan sai a faɗa tafkin a wanke. Wurin duk warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma ba mai toshe hanci, don warin suka biyo.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitoci ke turo masu ciwon gaɓɓai nan, garuruwa uku kuma, Tekirgiyol da Eforiye ta Arewa da Eforiye ta Kudu, taɓon na cikin abin da suke ci suke sha da shi. Amma daga wajen 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980 tafkin ya shiga wani hali da ya tayar wa masana hankali. Man fetur bai malala a ciki ba, ba a kuma juye masa dagwalon masana'anta ba. Ruwan daɗi ne ya yi masa yawa, irin wanda manomi ke ɗaga hannu yana roƙo. Ba a gane yadda hakan ya zama musiba sai an san abin da ke narke a ruwan da abin da ke gudana a ƙarƙashinsa.

Jakin Tekir

Sunan na Turkanci ne. Yankin Dobroja, inda tafkin yake, ya daɗe a hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, sai a 1878 ya koma Romaniya, har gobe kuma akwai Musulmi Turkawa da Tatar a garuruwansa, da masallatansu. "Gol" tafki ke nan a harshensu. Tekir kuwa, in ji masu ba da labari, wani tsoho ne gurgu kuma makaho, wanda jakinsa ya kauce hanya ya kafe a taɓon. Tsoho ya sha fama kafin ya fid da shi, ko da suka fito idonsa ya buɗe, ƙafa ta miƙe, gyambunan bayan jakin ma sun kame. Tatsuniya ce, amma garin bai yar da ita ba, har mutum-mutumin tsohon da jakinsa aka yi. Sunan ƙauyen da ke kudu da tafkin ya fi ta faɗin gaskiya: Tuzla, wato wurin gishiri. Su kuwa garuruwan Eforiye sun samo nasu sunan ne daga wata hukumar asibitocin Bukares, babban birnin ƙasar, mai suna Eforia Spitalelor Civile, wadda ta fara gina gidan jinya a wurin.

Asalin tafkin kwari ne da teku ya shigo ya cika. Igiyar ruwa ta yi ta tara yashi a bakin kwarin har ta toshe shi, ruwan da ke ciki ya zama ba shiga ba fita. Babu kogin da ke zuba a cikinsa. Abin da yake samu ruwan sama ne, da ɗan abin da ke gangarowa daga kwaruruwan da ke wutsiyarsa ta yamma, da idanun ruwa masu ɓullowa daga dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a ƙarƙashin yankin. A riƙe wannan dutsen, za mu dawo kansa.

Abin da ke cikin lita guda

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar awon masana ita ce a ɗebi lita guda ta ruwa a ɗora a wuta har ya ƙone ƙurmus, a kankare abin da ya rage a gindin tukunya a auna. Ruwan manyan tekuna zai bar giram 35. Bahar Aswad ba ya kai haka, giram 17 zuwa 18 ne, saboda manyan koguna irin su Danub na tsinka shi dare da rana. Tekirgiyol kuwa, a farkon rabin ƙarni na 20, yakan bar wajen giram 100. Ya ninka tekun da ya haife shi sau biyar ke nan, alhali tudun yashi kawai ya raba su.

Dalili yanayi ne. Dobroja ce ta fi ko'ina fari a Romaniya, ruwan da take samu a shekara wajen milimita 400 ne, kusan na Damagaram. Abin da rana da iska ke shanyewa daga fuskar tafkin ya ɗara haka nesa ba kusa ba. Ruwa ya tashi, gishiri ya zauna. A wancan zamanin fuskar tafkin ma ƙasa take da ta teku.

Wane irin gishiri ne? Bahaushe ya san bambancin kanwa da gishirin miya tun daga harshe, to wannan bambancin ne a nan. Tafkunan kanwa, irin na ƙasar Manga da gewayen Tafkin Chadi, sodiyam da kabonet ne suka rinjaye su, shi ya sa ruwansu ke da kaifi, yana cin hannu. Tekirgiyol ba ya cikin wannan dangi. Gadon teku gare shi: kuloraid da sodiyam, wato gishirin miya, su ne kan gaba da rata mai yawa, sai magniziyam da salfet, sai kalsiyam da potasiyam kaɗan, da ɗan ɓurɓushin buromaid. Magniziyam ɗin ne ke sa wanda ruwan ya shiga bakinsa ya ji ɗaci bayan gishirin. A ma'aunin tsami da kaifi da ake kira pH, ruwan na ɗan sama da 8, kusa da na teku. Yana ɗaga mai iyo fiye da yadda teku ke yi, amma ko kusa bai kai Bahar Lut ba, tafkin gishirin nan na yammacin ƙasar Jodan, wanda ke da wajen giram 340 a lita. Wannan tazarar na da muhimmanci. Bahar Lut ya wuce abin da dabba za ta iya zama a ciki. Tekirgiyol kuwa ya tsaya a tsakiya: gishirinsa ya fi ƙarfin kifi, amma bai fi ƙarfin wasu 'yan halittu ƙalilan ba. A wannan tsakiyar taɓon ke samuwa.

Yadda taɓon ke nuna

Mutane da yawa na ɗaukan taɓon magani kamar ma'adini, wani abu da ke kwance tun fil azal sai dai a haƙa. Wannan kam ba haka yake ba. Yin sa ake yi kowace shekara, masu yin sa kuma rayayyu ne.

Na farkonsu gansakuka ce mai zare-zare, masana na kiranta Kiladofora. Da zafi takan yi yabanya a wuraren da ba zurfi, ta yi curi-curi, iska ta koro wata gaɓa, sauran ta nitse. Na biyu wani ɗan mitsitsin jatan lande ne ja-ja, tsawonsa wajen santimita guda, yana iyo a rigingine. Sunansa Atimiya. Duk wanda ya taɓa ƙyanƙyasar tarwaɗa a ƙasarmu ya san shi, ko da bai san daga ina yake ba: shi ne ƙwan nan mai kama da garin kofi da ake sayarwa a gwangwani, a jiƙa a ruwan gishiri ya ƙyanƙyashe a ba 'ya'yan kifi. A Tekirgiyol yana rayuwa bila adadin. Aikinsa tace ruwa, yana cinye ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, yana kasayar da su a dunƙule, kashin na nitsewa. Idan sanyi ya shigo ya mutu, gawarsa ta bi kashin, ƙwayayensa su jira shekara mai zuwa. Akwai kuma tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, tana zaune a cikin lakar tana motsa samanta.

Duk wannan ya taru a ƙasan tafkin, ya gauraya da yumɓu da lallausar ƙurar da iska da ruwan sama ke kawowa daga tudun Dobroja. Ƙasar yankin ma ai iska ce ta tara ta tun zamanin ƙanƙara, laushinta kamar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tebur. A cikin wannan ƙurar akwai ƙarfe.

Nan ne aikin ke komawa hannun ƙwayoyin bakteriya. A 'yan milimitocin sama na lakar, masu shaƙar oksijin ne ke fara cin mushen, nan da nan su ƙarar da iskar. Ƙasa da nan babu oksijin ko kaɗan. Sai wani rukuni ya karɓa, irin su Disalfobibriyo, waɗanda ba su bukatar iska: da salfet suke numfashi. Suna cin ruɓaɓɓen abu, suna ƙwace oksijin ɗin da ke ɗaure a jikin salfet, abin da suke fitarwa kuma shi ne haidurojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, 'yar uwar farar wuta. Ita kuma da ta haɗu da ƙarfen da ke cikin yumɓu sai su ɗaure su zama salfaid na ƙarfe, wani abu baƙi ƙirin mai laushin gaske. Shi ne launin taɓon. Sulɓin kuma daga shi ne, da yumɓun, da ragowar kitse da ruɓaɓɓun sassan halittun nan da suka riƙe ruwa kamar soso. Masana na kiran irin wannan laka safurofel, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruɓaɓɓen taɓo.

Wanda ya yi ƙuruciya kusa da kududdufi ya riga ya ga wannan aikin da idonsa. Ka tuna ƙarshen damina, ka caka kara a lakar bakin ruwa. Samanta ruwan ƙasa ce, amma abin da karan ya fito da shi baƙi ne, kumfa na tasowa ɓul-ɓul, wari ya bugi hancinka. Ka yar da karan a rana ka dawo da la'asar, za ka tarar baƙin ya gushe, ya koma toka-toka ko ja-ja. Iska ce ta shiga, ƙarfen ya saki farar wutar ya yi tsatsa. Abin da ke faruwa ke nan a jikin dattawan nan na bakin Tekirgiyol sa'ad da taɓonsu ke bushewa. Shi ya sa ma a gidajen jinya ba a barin taɓon da aka kwaso a buɗe, a ƙarƙashin ruwan gishiri ake ajiye shi. Bambancin kududdufi da tafkin shi ne, na farko salfet ɗinsa kaɗan ne kuma cike yake da ƙazantar gari da ƙwayoyin cuta, kada wani ya ce zai gwada. Na biyun kuwa salfet ya wadata, gishirin kuma ya hana yawancin masu cutarwa sakat.

Me yake yi wa jiki?

Ban da shafawar bakin ruwa, a gidajen jinya ana ɗumama taɓon ya haura digiri 40 kaɗan, a lulluɓe gwiwa ko baya ko duk jiki da shi na minti 20 zuwa 30, ko a dama shi da ruwan tafkin a baho. Ana yin haka kwanaki a jere, yawanci wajen mako biyu. Masu zuwa sun haɗa da masu zaizayewar gwiwa da ƙugu, da ciwon baya, da sanƙarewar ƙashin baya, da wasu cututtukan fata.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne zafi. Taɓo kamar malmalar tuwo yake: samansa ya huce, cikinsa na riƙe da zafi na dogon lokaci. Ruwan zafi na yawo, kowane lokaci sabon zafi na taɓa fata, shi ya sa ba a jure shi. Taɓo ba ya motsi, wanda ke manne da fata ya ɗan huce, sauran na turo zafin a hankali har ya ratsa nama ya kai gaɓa. Jijiyoyin jini su buɗe, tsoka ta saki, raɗaɗi ya lafa. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Turai kan masu ciwon gwiwa sun nuna ana samun sauƙi na makonni ko 'yan watanni. Sai dai yawancinsu a kan mutane kaɗan aka yi, ga shi da wuya a ɓoye wa mutum cewa taɓo aka shafa masa, ga hutun mako biyu a bakin teku wanda shi kansa magani ne. A ganina adalci shi ne a ce yana rage ciwo, ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Idon Tekir dai a bar shi a tatsuniya. Kuma likitocin wurin da kansu ba sa yarda a ɗora zazzafan taɓo a kan mai ciwon zuciya, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai ciki, ko mai ciwon daji, ko gaɓar da ke kumbure tana zafi.

Da ruwan Danub ya iso

Gwamnatin gurguzu ta Romaniya ta ƙudiri aniyar mayar da busasshiyar Dobroja rumbun hatsi. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka shiga shimfiɗa manyan hanyoyin ban ruwa, ana jawo ruwan Danub da famfuna ana hawa da shi tudu. A 1984 aka buɗe mashigin jiragen ruwa da ya haɗa Danub da Bahar Aswad, wanda ya faɗa teku a Ajija, 'yan kilomitoci arewa da tafkin. Zuwa 1989 ƙasar na da wajen hekta miliyan 3 da aka tanadar wa ban ruwa. Masara da alkama sun yi kyau, wannan ba a musu.

Amma ba duk ruwan da aka zuba a gona shuka ke sha ba. Wani na yoyo tun a magudana, wani na wuce saiwa ya nitse. Ƙarƙashin gonakin kuma dutsen farar ƙasan nan ne, wanda ruwa ya daɗe yana ci har ya zama ramuka da tsaguwa kamar gidan gara. Ruwa ba ya daɗewa a irin wannan dutse, bin gangare yake yi, gangaren yankin kuwa a tafkin ya ƙare. Idanun ruwan da ke wutsiyar tafkin suka ƙara ƙarfi, kwaruruwan da a da sai an yi ruwan sama suke gudu suka koma gudu rani da damina. Tafkin ya fara cika, fuskarsa da ke ƙasa da teku ta hau har ta ɗara shi, ruwa ya fara cin gaɓa. Gishirin da a da ke wajen giram 100 ya yi ta sauka har ya faɗo ƙasa da 60. Miya ta fara yin lami.

Giram 55 ko 60 har yanzu gishiri ne mai yawa, ya fi na kowane babban teku. Salfet bai ƙare ba, bakteriyan ƙasan laka ba su rasa abin numfashi ba. Haɗarin yana sama, wajen masu kawo musu abinci. Atimiya ba ruwa mai sauƙin gishiri ne ke kashe shi kai tsaye ba, ai masu kiwon kifi a ruwa mai gishirin teku suke ƙyanƙyashe shi. Matsalarsa ba shi da makami, ba ƙaya, ba gudu. Gishirin ne ganuwarsa. Da zarar ya sauka inda kifi da ƙwarin ruwa masu farauta za su iya shigowa, an gama da shi, wasu ƙananan halittu kuma su ƙwace masa abinci. Idan shi da gansakukarsa suka ja baya, abin da zai riƙa kwanciya a ƙasa laka ce ta gama-gari. Ga kuma wasu illoli biyu da suka biyo ruwan. Gaɓar da ke zaizayewa na zubo yashi da ɓarɓashin dutse a kan taɓon da darajarsa ke cikin laushinsa. Ruwan gona kuma ba ya zuwa hannu rabbana, yana ɗauke da takin zamani, musamman naitiret, wanda ke sauya irin tsirran da za su yi rinjaye a ruwa.

Famfo, sannan madatsa

Matakin farko da aka ɗauka shi ne wanda kowa zai fara tunani: ruwa ya yi yawa, a kwashe. Aka kafa famfuna suna zuƙar ruwan tafkin suna zubarwa a teku. Gaɓa ta samu sauƙi. Amma a yi lissafin da bokiti a gani. A ce kana da lita 10, kowace da giram 80, jimla giram 800. Ka ƙara lita 2 ta ruwan daɗi, ya zama lita 12, kowace da wajen giram 67. Har yanzu gishirinka 800 na nan, in ka bar wa rana ta shanye lita biyun za ka koma inda kake. Amma in ka ɗebe lita 2 ka zubar don bokiti ya daina ambaliya, ka zubar da giram 133 na gishiri tare da su, ba kuma za su dawo ba. Ka maimaita haka shekara goma. Famfon na maganin cika, yana kuma kwashe jarin da tafkin ya yi dubban shekaru yana tarawa.

Dabarar da ta yi aiki ita ce a tare ruwan daɗin tun kafin ya gauraya. Aka gina madatsu biyu a wutsiyar tafkin, ɗaya a 1983, ɗaya a 1989, ana janye ruwan da ya taru a bayansu zuwa teku. Tun daga nan Tekirgiyol ya zama ruwa uku a kwari ɗaya. Na can yamma ruwan daɗi ne, giram 1 zuwa 2 da ɗoriya. Na tsakiya zartsi ne, giram 6 zuwa 8. Babban ɓangaren da ke kusa da teku shi ne mai gishirin, wanda a awon da aka yi bayan rabuwar yake tsakanin giram 52 da 55.

Sai dai ba zan ba madatsun ladan duka ba. A Disambar 1989, shekarar da aka gama ta biyun, gwamnatin gurguzu ta shugaba Chawushesku ta faɗi. Gonakin gwamnati da na haɗin gwiwa suka wargaje, aka mayar wa mutane filayensu gunduwa-gunduwa, ba mai iya biyan kuɗin wutar da za ta hau da ruwan Danub tudu. Magudanai suka bushe, aka sace bututu da injuna a wurare da dama. Abin da ya zama asara ga manomin Dobroja ya zama sauƙi ga tafkin: ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, saukar gishirin ta tsaya, ya fara komawa sama sannu a hankali. Wato matakin injiniyoyi da rushewar noman rani sun zo lokaci guda, duk wanda ya ce ga rabon kowanne a cikin nasarar, ya faɗi abin da ya fi awonsa.

Wani abin da ba a shirya ba shi ne tsuntsaye. Bayan madatsun ya cika da kyauro da kifi, babban ɓangaren kuma gishirinsa na hana shi daskarewa da wuri idan sauran ruwayen yankin sun zama ƙanƙara. Dinya mai jan ƙirji, wadda ke ƙyanƙyasa a can arewacin Saiberiya, na cikin masu yin hunturu a nan, haka ma agwagwa mai farin kai, dukansu biyu kuwa adadinsu ya yi ƙaranci a duniya. A 2006 aka sa wurin, hekta 1,462, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Yanzu masu hakki a tafkin sun ƙaru: likita na son gishiri, mai kula da tsuntsu na son ruwa ukun su zauna yadda suke, mai otal na son fili a bakin gaɓa, kwatar garuruwan kuma dole a san inda za ta bi.

Don a ga cewa ba ruwan daɗi kaɗai ke ɓata irin wannan wuri ba, a dubi Kuyalnik kusa da Odesa a Yukren, a gaɓar wannan tekun dai, shi ma sananne da baƙin taɓo. Nasa ciwon kishiyar na Tekirgiyol ne. An datse kogin da ke ciyar da shi da ƙananan madatsu, ya yi ta ƙafewa har gishirinsa ya kai wajen giram 300, abin da ya fi ƙarfin Atimiyan ma. A ƙarshen 2014 sai da aka jawo masa ruwan teku ta bututu.

Maganar Tekirgiyol ba ta rufu ba. Romaniya ta fito da shirin gyara manyan hanyoyin ban ruwanta a 2016, farin da ya ƙone gonakin Dobroja a 2020 kuma ya sa manoma ƙara matsa wa hukuma lamba, kuma da gaskiyarsu. Dutsen da ke ƙarƙashin gonakin bai sauya ba, gangaren ma haka. Madatsun biyu na tare abin da ya biyo kwari ne, ba su da iko da idon ruwan da zai ɓullo a gabansu ko a ƙasan tafkin. Idan za a sake kai ruwa tudun, abin da zai raba wannan karon da na 1970 shi ne ko an dafe magudanan da siminti ko an sa su a bututu, ko ana ba shuka ruwa ɗigo-ɗigo maimakon a malale gona, da kuma ko akwai mai zagaya rijiyoyin awo na gewayen tafkin kowane wata yana rubuta inda ruwa ya kai. Rijiyoyin ne za su fara nunawa, tun kafin lita guda ta tafkin ta rage ko giram ɗaya a gindin tukunya.